ZAUREN 'YAN MATA: Kunya da Turanci, Ciwo da Hausa

Masu aiko da wasiƙu ina ganin saƙonku, wadda ba ta ga amsarta ba ta ƙara haƙuri, layi ne, zai zo kanta in Allah ya yarda. Yau dai ba wasiƙar kowa zan buɗe ba. Wani abu ne ya faru a gidanmu ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna, tunda abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ni mutuniyar ƙasar Dambatta ce. Duk wadda ta taɓa bin hanyar nan da ta tashi daga Kano ta nufi Kazaure da Daura ta san yadda ƙasarmu take. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida, babu wani daji na a zo a gani, duk inda kika waiga gero ne da dawa da gyaɗa da wake, sai kuka da ɗorawa a tsaye tsakiyar gonaki. To a irin wannan wuri fa sirri tsada gare shi. Dangar kara ce ko zana tsakaninku da maƙwabta, in kika yi tari a ɗakinku sai kin ji an ce miki sannu daga gida na uku. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen labarin.

Ina da 'yar yaya, shekarunta 16, tana makarantar kwana. A hannun kakarta ta tashi, wato mahaifiyata da muke kira Iya, tun da aka kai ta yaye ba ta dawo ba. Da ta zo hutun Disamba, wajen sati guda tana cikin wani hali, ba ta zama wuri ɗaya, ba ta barcin kirki, ta kuma kasa gaya wa kowa. Ran nan da yamma ana zaune a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, ga matan gida, ga yara maza suna ta shige da fice, ga maƙwabciya ta leƙo aron rariya, sai yarinyar nan ta matsa kusa da kakarta ta yi ƙasa da murya ta ce, "Iya, ni fa ina jin infekshan ne yake damuna."

Iya ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta sha zuwa asibiti jinya, akwai kalma ɗaya ta Turanci da ta riƙe gam, ita ce injekshan. Sai ta ce, "To kishiya, in dai allura kike so ai ba abin wahala ba ne. Gobe Lahadi, in za a shiga kasuwa sai mu biya kemis a tsira miki."

Yarinya ta ji kuskuren sarai, amma ta yi shiru, don gyaran yana nufin ta faɗi abin da Hausa a gaban mutane. Washegari suka je wani kemis. Ranar kasuwa ce, shago cike da maza. Mai kemis ya ce me ke damun ta? Iya ta ce allura ta ce tana so. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce infekshan. Bai tambayi wane iri ba, bai tambayi a ina ba, ya yi mata allura ya haɗo ta da kafso na kwana biyar. Ta shanye tas, abu ya ƙaru. Ta koma makaranta da shi, ta yi ta fama, karatu ya gagara, sai da aka kira ni na je na ɗauko ta muka tafi asibiti.

Allah ya haɗa mu da wata sista mai hankali, dattijuwa. Ta tura ƙofa ta rufe, ta ce, "'Yata, nan babu Turanci. Gaya min da Hausa. Ina ne? Ƙaiƙayi ne ko zafi? Akwai ruwa? Wane launi? Yana wari? Tun yaushe?" Yarinya ta dube ni, na ce ko in fita ne? Ta ce a'a Anti, zauna. Cikin minti biyar ta faɗi abin da ta kusa wata biyu tana ɓoyewa. Aka yi gwaji, ashe abin nan ne da likitoci ke kira kandida, dangin ƙwayar yis da ake sa wa burodi. Shi kuwa kafson da aka ba ta na kashe ƙwayoyin bakteriya ne, ba ya taɓa kandida, sai ma ya kashe ƙwayoyin kirki da Allah ya ajiye suna gadin wurin, ita kuma ta samu fili ta baje. Wato maganin da aka saya da kuɗin gyaɗar Iya shi ya ƙara wa wuta fetur. Wanda ya dace da aka rubuta mata, cikin sati guda ta manta da zancen.

Wallahi ban ga laifin yarinyar nan ba, kuma kada ku ɗauka yau na zo yaƙi da Turanci ne. Ni ma na yi makarantar kwana, na san daɗin abin. Kalmar da ba ki sha a nono ba, ba ta da nauyi a baki. Ki ce piriyod sau goma ba ki ji komai ba, amma ki ce jinin haila sau ɗaya a gaban yayanki ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. A zamaninmu akwai yarinyar da za ta ga jini karon farko ta yi wata da watanni tana ɓoye tsumma a bayan rumbu, tana zaton wani mugun ciwo ne ya kama ta. Yanzu kuwa 'yar aji ɗaya ma za ta ce wa ƙawarta "ina piriyod, ara min pad," ko ta tsaya a shago ta ce a ba ta Always ba tare da ta rubuta a takarda ta aiki ƙaninta ba. Wannan ci gaba ne, Turanci ya buɗe bakuna da yawa da kunya ta ɗinke. A gida irin namu mai dangar kara kuwa, har ya zama wa 'yan makaranta kamar zaurance, su yi maganarsu a tsakar gida ba wanda ya gane. Ko da yake shi ma wannan asirin ya fara tonuwa, don ƙannen naku maza su ma suna zuwa makaranta, suna jin ku, shiru kawai suke yi.

Abin dariyar ma shi ne, su kansu Turawan sakayawa suka yi. Piriyod ɗin nan asalin ma'anarsa lokaci ne kawai, wani ɗan tsakani na kwanaki. Ashe mayafin wasu muka aro, su ma kunyar suke ji.

Mu kuwa Hausawa ai ba a bar mu a baya ba wajen sakaya zance, mu ne ma gwanaye. Mace ba ta cewa komai sai "ina fashin sallah," ko "baƙon wata ya zo," ko "ba ni da tsarki." Ba a cewa za a yi kaza, sai a ce za a kewaya, ko za a kama ruwa. Mai ciki juna biyu gare ta, in ta haihu ta sauka, gidan kuma an samu ƙaruwa. Mutum ba ya mutuwa a bakin mai ladabi, rasuwa yake yi, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko wa'adi ya cika. Ƙyanda baƙon dauro ce, aljanu mutanen ɓoye ne, maciji da dare igiya ne. Iya har yau ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba saboda ɗan fari ne, sunan mahaifinmu kuwa ko a takardar asibiti sai dai wani ya faɗa mata. Matar da take rayuwa a cikin irin wannan alkunya, ita za a koya wa sakaya?

To ina bambancin yake? Sakaya kamar kwaɗo ce da mukulli. Idan kika ce wa Iya kina fashin sallah, kin kulle maganar daga kunnen yara, amma ita tana da mukulli a hannunta, ta buɗe ta gane. Idan kika ce mata infekshan, kin kulle kin kuma tafi da mukullin makaranta. Kin samu sauƙin cewa ai na faɗa, alhali ba ki faɗa ba. Da yarinyar nan ta jira dare ya yi ta ce, "Iya, gabana ke min ƙaiƙayi," da magana ta ƙare, kuma babu rashin kunya ko ɗaya a ciki, don ita kalmar gaba ɗin ma sakaya ce.

Bari in daɗe kaɗan a kan wannan infekshan ɗin, musamman wanda ake kira toilet infekshan, don ya zama ruwan dare a bakin 'yan mata da matan aure. Ku sani babu wata cuta guda ɗaya mai wannan suna a wajen likitoci. Buhu ne aka zuba abubuwa daban-daban aka ɗaure bakinsa. Kuma kada Hausa ta yi dariya, don kalmarmu ta "sanyi" ita ma buhun ce, komai aka ji daga cibiya zuwa gwiwa sai a ce sanyi. A cikin buhun nan akwai kandida da na faɗa, mai ƙaiƙayi da farin abu kamar dusar awara. Akwai rikicewar ƙwayoyin wurin, mai zuwa da ruwa tsararo da ƙarni. Akwai ciwon mafitsara, mai zafin fitsari da yawan jin fitsarin. Waɗannan ukun suna kama budurwar da ko hannun namiji ba ta taɓa riƙewa ba, don haka wadda ta same su kada ta ji tsoron za a zarge ta, kuma iyaye don Allah a daina zargin. Sannan akwai waɗanda ake ɗauka ta hanyar kwanciya, irin su gonoriya da kilamidiya. Kowanne da maganinsa, na wannan ba ya yi wa wancan.

Na ƙarshen nan su ne abin tsoro, ku da kuke shirin aure ku saurara. Sau da yawa ba sa nuna wata alama mai ƙarfi a jikin mace, sai su haura a hankali su taɓa bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa su toshe shi. Shekara uku, shekara biyar, babu haihuwa, a fara zancen kishiya da na mutanen ɓoye. Kuma ba sa warkewa a gida sai an yi wa miji da mata magani tare, in akwai abokiyar zama har da ita. Amma da yake an laƙa wa abin sunan toilet, sai laifi ya koma kan ban ɗaki, maigida ya zame abinsa, ita kaɗai ke ta shan jiƙe-jiƙe ana sake ɗora mata. Ni abin da ke ba ni mamaki ma, a ƙauyukanmu da masai na tsuguno ne, a ina aka zauna balle a ɗauka? Ba daga nan ake ɗaukar waɗannan ba. Kun ga inda kalma mai ladabi ta zama bargon rufe gaskiya.

Haka zancen gwajin aure. A shekarar 2024 gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, wanda ya haɗa da na jinotayif da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Za a miƙo miki takarda da haruffa, AA, AS, SS, fozitif, negetif. Kada ki gyaɗa kai don kada a ce ba ki waye ba. Ki ce a yi miki bayani da Hausa. Idan ke AS ce shi ma AS ne, ma'anarsa kowane ciki kika ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan magana ce da ya kamata ta shiga kunnen Inna da Baba da harshen da suke mafarki da shi.

Sai kuma samari, don na san wasunku tun ɗazu nan suke jira in zo. Kun lura saurayi in zai faɗi maganar arziki da Hausa yake faɗa? "Zan turo magabatana." "Nawa ne sadaki a gidanku?" Amma in zai roƙi abin da bai dace ba sai harshe ya karye. Ai ɗan romans ne kawai. Ai mu yi ɗan autin. Ai kowa yana da bebinsa. Ya sani sarai in ya faɗa da Hausa ke da kanki za ki tashi ki shige gida. Ita ma mai zuwa wajen sa'an babanta tana karɓar kuɗi, ta ce wai shuga dadi gare ta, abin har da daɗin faɗa kamar alewa. To ga wani ɗan gwaji da nake ba ƙannena, ba ya cin ko sisi. Duk abin da ya ce miki da Turanci a zaure ko a waya, ki juya shi zuwa Hausa tsantsa a zuciyarki, ki ji ko za ki iya maimaita shi a gaban Gwaggo. In kin ji kunnenki ya yi zafi, to da ma can abin mai zafi ne, ƙanƙara aka ɗora a kai.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi, zan faɗe ta a taƙaice. Idan wani ya taɓa ki ta ƙarfi, ko malami ne, ko ɗan uwa, ko ɗan maƙwabta, ranar babu sakaya, ba ta Turanci ba, ba ta Hausa ba. "Yana damuna" ba ta isa ba, za a ɗauka tsokana ce. Ki sami mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita ki faɗi abin da ya yi da sunansa. Akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da ake bayarwa, amma sai an fara shi cikin awa 72. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da aka ware don irin wannan. Kunyar ta wanda ya aikata ce.

Wata za ta ce, Anti, ai kunya ado ce ga 'ya mace, addini ma ya yabe ta. Haka ne. Amma ku tuna Islamiyya. Ahalarin da kuke biyawa ai bai yi kwana-kwana ba, ya kira haila haila, ya kira biƙi da sunansa, ya ƙidaya kwanaki, har ya nuna wadda ta fara gani iyakarta kwana 15, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina a kan cewa kunya ba ta hana su tambayar addininsu, kuma Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambayar da yawancinmu ba za mu iya yi wa yayarmu ba. Haila da janaba da al'aura su ma ai baƙin kalmomi ne, daga Larabci suka zo suka yi mana sutura. Sai dai su an koyar da su tare da ma'anarsu, daga birni har ƙauye, shi ya sa tsohuwa da jikarta duk suke da mukullin.

Don haka in za ki asibiti, ki bar adon magana a bakin ƙofa tare da takalmi. In kunyar namiji kike ji ki nemi mace, haƙƙinki ne ki tambaya, kuma alhamdu lillahi yanzu 'ya'yanmu ne a wurin, ga makarantar ungozoma nan a Dambatta tana yaye su, Hausarki ita ce tasu. Ki faɗi wurin, ki faɗi yadda yake, ki faɗi tun yaushe, ki faɗi abin da kika riga kika sha ko kika cusa, ko da na mai tallar magani ne a kasuwa. Ki riƙa rubuta ranar da baƙonki ya zo a bayan littafinki, don ita ce tambayar farko da za a yi miki. Ga babbar mace yakan zagayo tsakanin kwana 21 zuwa 35, ga wadda ta fara kwanan nan yakan yi wasa kafin ya daidaita, wannan ba komai. Amma in zubar ta wuce sati, ko kina jiƙa pad duk awa ɗaya ko biyu, ko kina ganin jiri, wannan ba zancen "piriyod ɗina ne yake ɗan misbihebin" ba ne. Ke kuma amarya, in wata ya wuce ba ki gani ba, sai ga ciwo a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini, a ranar za ki asibiti ba gobe ba, don ciki yakan zauna a wajen mahaifa, kuma in ya fashe rai yake nema.

Da muka koma gida na zaunar da Iya a ɗaka na warware mata komai da Hausa. Ta yi salati ta tafa hannu, ta aika aka kira yarinyar. Ta ce, "Yanzu ke 'yar nan, ni da na wanke kashinki, na goya ki har bayana ya goge, ni za ki yi wa Turanci? Me gare ki wanda ban gani ba?" Yarinya ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana hawaye. Iya ta ce daga yau in magana ta gagara a tsakar gida, ta ce mata kawai ta zo ta taya ta neman allura a ɗaki, ita ta san zancen.

Sai dai fa an bar mu da sabon aiki, don Iya ta riƙe kalmar. Shekaranjiya aka bugo min waya daga gida, wai akuyarta ta ƙi cin harawa, ta ce a gaya wa Antin Kano ta aiko da magani, infeshan ne ya kama ta.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu buɗe wasiƙar wata ƙanwarmu daga Bichi da ke tambaya a kan lefe da bashi. Ku gaishe min da su Inna. Taku har kullum, Antinku ta Zauren 'Yan Mata.